Kyamara Ba Ta da Kara

"Riƙe ta haka, Baba, kada ka motsa," in ji Mai Hoto. Ya durƙusa a gaban gadon, ya kai baƙar kyamarar dab da ƙafar tsohon tela, ya danna.

Kyamarar ta tura idonta gaba, ta ja shi baya, ta sake turawa, sai ka ce da wanda take shawara. Kafin ta yanke hukunci tsohon ya yi tari, ƙafar ta girgiza, sannan ne filash ya ga damar tashi.

"To, madalla," in ji tsohon. "Ina jiran likita ya ce ko za a bar mini ƙafata, yanzu kuma sai na jira kyamara ta gama tunani."

Sista, babbar nas ta ɗakin wankin ciwo, ta yi dariya ƙasa-ƙasa tana naɗe tsohon bandeji. Mai Hoto bai dara ba. Ya zaro biro daga bayan kunne, ya rubuta a littafinsa: Baƙa tana jinkiri a hoton kusa, kusan daƙiƙa biyu. Filash ya wanke launi.

Shekara ashirin da shida ke nan yana wannan aikin a asibitin. Duk ranar Talata da ƙarfe goma, lokacin da hasken taga ke sauka daidai kan gado na biyu, yakan ɗauki hoton kowane ciwo da ya ƙi warkewa. Yakan manna 'yar rular takarda a gefen ciwon, ya ajiye wani kati ruwan toka kusa da ita don launi ya fito yadda yake, ya ja baya kamu guda, ba ƙari ba ragi. Likitoci sai su jera hoton wannan makon da na makon jiya, su ga ko ciwon yana rufewa ko yana cin gaba. Ƙafafu da yawa sun tsira ta haka. Ya sani sarai, ko da yake ba wanda ya taɓa tsayar da shi ya faɗa masa.

Tsohuwar kyamararsa, wata ƙatuwa mai nauyin tsiya, ta gaji tilis. Shekara uku yana rubuta takardar neman sabuwa, shiru kake ji. Sai jiya da yamma ga Sakataren asibiti da kansa ya sauko ɗakin hoto da kwalaye uku a hammata. Sakataren nan da kowa ke ce wa ranka ya daɗe, shi Mai Hoto Dogo yake kiransa, don rana ɗaya aka ɗauke su aiki, ɗaki ɗaya suka kama haya suna samari, in ɗaya ya wanke riga sai ya ari ta ɗayan.

"Na-Duhu," in ji Dogo, sunan da ya laƙaba masa tun zamanin da ake wanke hoto a ɗakin duhu, "Allah ya amsa kukanka. Ga ƙanana uku dillali ya kawo samfur. Kai ne idonmu. Gwada su, ka rubuta wadda za mu saya, ka sa hannu. Gobe kafin a tashi nake son rahoton."

Babbar kyamara Mai Hoto ya so, amma a rashin uwa akan yi uwar ɗaki. Daɗi ya kama shi har ya fito yau da sabuwar riga. Ya raɗa wa kyamarorin suna da launinsu: Baƙa, Ja, Azurfa.

Ya ajiye Baƙa ya ɗauki Ja. 'Yar ƙarama ce, sumul, ta fi dukkansu kyau, aljihun gaba ma ya yi mata yawa. Ya danna, ta ɗauka nan take. Ya duba allon, ya ƙara dubawa, sai ya juya wa tsohon ya gani.

"Baba, albishirinka. Ja ta ce ka warke."

A hoton, ƙafar ta fito luwai-luwai. Kyamarar ta goge tabo, ta shafe kumburi, ta mai da bakin ciwon wani ɗan ja-ja mai kyau. An yi ta ne don masu son fuskarsu ta fito ba ƙurji ko ɗaya, kuma ya laluba ko'ina bai ga inda ake kashe wannan kwalliyar gaba ɗaya ba.

"To a sallame ni mana," in ji tsohon. "Wannan ta fi likitan kirki."

"Kyan ɗan maciji ke nan," Mai Hoto ya ce, ya rubuta.

Azurfa ba ta da abin burgewa. A megafiksel, ma'aunin kaifin hoto, kwalinta ya ce sha shida, na Baƙa ya ce ashirin. Baƙa tana janyo abu ninki ashirin da biyar, ita kuwa biyar kacal. Murfin batirinta ma ƙin buɗuwa ya yi. Ya sa farce, ya ja, ya matsa, a banza. Sista ta miƙo hannu ta karɓa, ta tura murfin gefe da babban yatsa, ya ɗage, ko kallonsa ba ta yi ba.

"Sai an tura gefe tukuna," ta ce.

"A'a! Sista, ashe ke ma 'yar hannu ce?"

Ta sunkuya tana jera almakashi a tire. Shi kuwa hankalinsa na kan ƙafar. Ya sa katin toka, ya ja baya kamu guda, ya danna. Ƙit, ta ɗauka, ba shawara ba jinkiri. Ya matso har idonta ya kusa taɓa rular, ta sake ɗauka tar. Katin toka ya fito toka, baƙar fatar tsohon ta fito baƙa, ba ta koma ruwan ƙasa ba, ba ta dushe ba. Bai juya komai ba, bai saita komai ba. A ƙasan allon ya ga lambar hoton, 0212, maimakon 0001 na sabuwa fil. Ya ce a ransa ai samfur ce, dillali ya sha yawo da ita.

Har wajen sha biyu yana zagaye asibitin da igiyoyi uku a wuya. A dogon barandan bene ya gwada janyowa: Baƙa ta karanto lambar motar ɗaukar marasa lafiya daga can bakin ƙofa, abin ban sha'awa, sai dai wa ke ɗaukar ciwo daga bakin ƙofa? A ɗakin ajiyar magani, inda ƙwan lantarki ɗaya ne ke ci, Ja ta cika hoto da ɗigo-ɗigo, Azurfa ta fito da rubutun kwalabe. Ya sa safar hannu ta roba ya gwada madannai: na Ja ƙanana ne, yatsa ɗaya na danna biyu. Ya ɗauki hoto ɗari da hamsin da kowacce. Batirin Baƙa ya faɗo zuwa layi ɗaya, na Azurfa ko gezau.

A matattakala ya ci karo da Dogo yana saukowa da fayil a hannu.

"Na-Duhu! Ka zama kantin kyamara. Yaya amaren naka?"

"Ɗaya mai girman kai, ɗaya maƙaryaciya, ɗaya 'yar halak."

Dogo ya ƙyalƙyale da dariya ya dafa kafaɗarsa. "Ka dai rubuta mini wadda ta fi sauƙi. Wadda ko ni, da hannun nan nawa na riƙe biro, zan iya ɗauka. Ka sa wannan a fili, hukuma na son ganin irin haka."

"Kai da ko hoton ɗaurin aurenka sai da na ce ka buɗe ido?"

"Ka ji ka! Ka dai rubuta."

Mai Hoto ya ɗan rage murya. "Wai maganar rage ma'aikatan nan da ake ta raɗe-raɗi fa?"

"Haba, mutumina. Sau nawa zan faɗa maka? Muddin ina kan kujerar nan, ba mai taɓa ɗakin hoto. Ka kwantar da hankalinka."

Ya kwantar kuwa. Wata biyu da suka wuce ma, da zancen ya fara tashi, Dogo ya sauko ya karɓi damin rulolin takarda da shafin da Mai Hoto ya rubuta ƙa'idojin aikinsa da hannu, ya ce zai kai wa hukumar gudanarwa ta ga irin gwanintar da ke ƙarƙashin benen nan. Ranar har gida Mai Hoto ya kai labari, ya ce wa matarsa ta dinga sa Dogo a addu'a.

Ɗakin hoto yana can ƙasa, bayan wurin wanki, ba taga. Har yanzu akwai jan ƙwai a bango da kwamin wanke fim da ba a amfani da shi. Ya zauna, ya zare katin ajiyar hoto na kowace kyamara ya jera a kan tebur, ya sa na farko a kwamfuta. Yana jiran hotuna su shige, sai ya kunna Azurfa don ya sake duba layin batir, yatsansa ya taɓa madannin duba hoto.

Hoto ya fito.

Ya kalli katin Azurfa, ga shi nan kwance a kan tebur. Ya kalli allon. Sai ya gane: irin waɗannan ƙanana suna da ɗan ma'aji a cikinsu. In an ɗauki hoto kafin a sa kati, can yake zama, kuma ba ya nunawa sai an cire katin. Wanda ya mai da ita kwali ya zare nasa katin, ya ɗauka ya share sawu.

Hoton farko silin ne. Na biyu takalmin wata. Irin hotunan ɗan koyo. Ya yi murmushi, ya ci gaba. A na uku ya ga labule mai ruwan ganye, murmushin ya tsaya, don ya san labulen. Ɗakin taro na saman bene ne, shi ya ɗauki hoton ranar da aka rataya shi. A na biyar ga nas-nas sun kai goma a zaune, kowacce da Azurfa a hannu. A na takwas ga Sista a tsaye tana manna rular takarda a hannun wata. Rularsa ce, ya san yankan almakashinsa. A na sha ɗaya an hasko wani shafi a bango, rubutun hannu mai karkata dama: Ka tsaya kamu guda. Ka kashe filash. Ka sa katin toka. An yanke saman shafin, inda sunansa yake. A farin allon da ke gefe an rubuta da manyan baƙaƙe: DAGA ƊAYA GA WATA KOWANE SASHE ZAI ƊAUKI HOTONSA DA KANSA.

Na sha bakwai shi ne na ƙarshe. Dogo ne tsaye a bakin taga, hannu ɗaya a kan tulin kwalaye, ɗayan riƙe da sauran damin rulolin, baki har kunne. Haske ya zauna masa daidai. Ko furfurar gemunsa ana iya ƙirgawa.

A kusurwar hoton akwai kwanan wata, mako biyar da suka wuce, ranar Alhamis. Bai buƙaci duba kalanda ba. Ranar ce Dogo ya tura shi ƙaramin asibitin reshe, tafiyar awa biyu, wai ya ɗauko hoton sabon gini ta kowace kusurwa. Har motar ofis ya ba shi da direba. Ranar ya ji shi wani ne.

"Innalillahi," ya ce a hankali. "Dogo?"

 Ba korar ce ta fi ƙona shi ba, ya daɗe da sanin zamani na tafe. Sabuwar rigar nan ce. Dariyar matattakala ce. Addu'ar da ya sa matarsa, baiwar Allah, take yi ce. Ya ji kunya ta rufe shi, shi kaɗai a ɗaki, kamar an kama shi yana rawa ba kiɗa.

Aka ƙwanƙwasa. Sista ce, da katin toka a hannu.

"Malam, ka bar wannan a kan gado."

Ya juya mata allon kyamarar. Ta kalla. Ta ajiye katin a hankali, ta jingina da ƙofa.

"Ce mana aka yi ka sani," ta ce. "Wallahi haka aka ce. Wai kai ka ba da takardar da rulolin, kana so ka huta. Sai yau da na ga kana ta murna da kwalayen nan, jikina ya mutu. Na rasa bakin da zan faɗa maka."

"Guda nawa aka saya?"

"Sha biyu. Suna kabad ɗin Sakatare."

"To in an riga an saya, gwajin me nake yi tun safe?"

Ta sauke ido. "Masu binciken kuɗi ba sa yarda a sayi kaya sai da rahoton masani, wanda ya nuna an gwada kala uku. An saya ba rahoto. Kai kaɗai ne masanin da ake da shi." Sannan ta ƙarasa, don macen ba ta iya rabin magana ba. "Mai buga takardu ta ce wasiƙar sallamarka tana durowar Sakatare. Yana jira ka sa hannu tukuna."

"Wato ni zan wasa wuƙar."

"Ka yafe mini, Malam."

"Ke me kika yi? Je ki, marasa lafiya na jira."

Da ta fita ya jawo kwamfuta ya buɗe sabon shafi. Kansa ya yi tas. Ashe wuyan Dogo ma a hannunsa yake! In ya rubuta cewa Azurfa ba ta dace da aikin asibiti ba, kyamara sha biyu sun zama kaya a kabad, Dogo ya san bayanin da zai yi wa masu bincike. In ya zaɓi Baƙa, ita da sai an kashe mata filash, an saita launi da hannu, an san yadda ake lallaɓa jinkirinta, to ba nas ɗin da za ta iya da ita, dole a ci gaba da neman Mai Hoto. Kuma ba sai ya yi ƙarya mai yawa ba. Megafiksel ashirin ya fi sha shida, ninki ashirin da biyar ya fi biyar, ga shi a jikin kwali, wa zai yi musu?

Ya fara bugawa. Bayan gwaji mai zurfi, na tabbatar Baƙa ce ta fi. Ya jera lambobin. Ya ji wani sanyi-sanyi a ransa, irin na wanda ya samu dutse daidai hannu. Ya kai rabin shafi, sai ya tuna rahoto na buƙatar hotunan shaida, ya buɗo na ƙafar tsohon tela guda uku ya jera su a allo.

Ido ba ya mance aikinsa don mai shi na fushi. A hoton Azurfa, can ƙasan ƙaramin yatsa, wajen da rular ta ƙare, akwai wani ɗan duhu da bai kai ƙwayar wake ba. Baƙi a kan baƙar fata, sai wanda ya sani. Ya buɗo hoton makon jiya na tsohuwar kyamararsa: babu shi. Ya duba na Baƙa: filash ya wanke wurin fari fat. Ya sake duba waɗanda ya ɗauka da ita ba filash, jinkirinta ya sa duk sun ɗan girgiza, duhun ya narke cikin inuwa. Ya duba na Ja: yatsan jariri.

Ya ɗaga wayar tebur ya kira likitan sashen. "Likita, gado na biyu, tsohon tela. Ƙarƙashin ƙaramin yatsa. Ka duba yau, kada a kai gobe. Ga hoton nan na turo."

Ya ajiye wayar, ya zauna yana kallon rabin shafinsa. Da rahoto ko ba rahoto, ya san asibiti: in an ƙi Azurfa yau, wata shida za a yi ana taro, a ƙarshe a sayi abin da ya rubuta, a miƙa wa nas-nas ɗin duk da haka, ranar da ya yi zazzaɓi ko ya yi ritaya. Sai a dinga kai wa likita farin hoto, ana cewa ciwo na nan yadda yake.

"Allah ya isa, Dogo," ya ce da ƙarfi, ba kowa a ɗakin. "Ko ƙaryar ma ka hana ni."

Ya goge rabin shafin. Ya rubuta shafi uku. Ya ba Baƙa haƙƙinta na janyowa, ya faɗi jinkirinta da cin batirinta. Ya ce Ja ta dace da biki, kada a bari ta shiga ɗakin ciwo. Ya ce Azurfa ce ta fi kama launin fata, ta fi sauri, ta fi riƙe caji, murfin batirinta ne kawai sai an koya. A shafi na biyu ya rubuta abin da aka roƙe shi, a fili: kowa zai iya ɗauka da ita. Sannan ya jona kyamarar da kwamfuta, ya ciro hoto na sha bakwai, ya buga shi a takarda mai sheƙi, cikakken shafi, da kwanan watansa a kusurwa. Ya maƙala shi a ƙarshe.

Ƙarfe huɗu saura kwata ya hau bene. Mai buga takardu ta gan shi ta sunkuyar da kai. Ofishin Dogo na da sanyi, da kafet, da hotunan shugabannin asibitin na da jere a bango, duk aikin hannun Mai Hoto.

"Ka ga ɗan halak!" in ji Dogo. "Zauna, a kawo maka shayi."

"A tsaye ma ya isa."

Ya ajiye kwalaye ukun, ya ɗora rahoton a kai. Dogo ya ja shi yana karantawa da sauri, yana gyaɗa kai. A shafi na biyu ya buga tebur. "Azurfa! Ka ga, ni ma raina ya ba ni ita ce. Kai, Na-Duhu, idonka ba ya kuskure." Ya duba sa hannun a shafi na uku, ya sauke ajiyar zuciya. Sai ya ga da saura, ya buɗa.

Ya daɗe yana kallon kansa. A ƙarƙashin hoton an rubuta da biro, rubutu mai karkata dama: Samfurin hoton cikin ɗaki, hasken taga. Tana kama abin da ke wurin yadda yake.

"A ina ka..."

"A cikinta. Tana da ma'aji, ba a kati kaɗai take ajiya ba. Da ka tambayi masani, da ya faɗa maka."

Dogo ya cire tabarau ya murza ido. "Ka saurare ni. Daga sama abin ya zo. Na yi faɗa a kanka, Allah ne shaida, sau biyu ina mai da wasiƙar. Na rasa yadda zan dube ka in faɗa maka ne. Na ce bari a gama wannan, in nemi lokaci mai kyau, mu zauna..."

"Ka samu lokacin ba ni mota da direba."

"Na-Duhu..."

"Wanda ke kirana haka mun yi haya tare. Da shi ne, saukowa zai yi ya rufe ƙofa ya ce, mutumina, an gama da kai, zo mu san abin yi. Da na koya wa yaran nan da hannuna, da sunana a saman takardata. Ranka ya daɗe, ba ni wasiƙata."

Ranka ya daɗen nan ta fi mari.  Dogo ya jawo durowa, ya fito da farin ambulan, ya miƙa ba tare da ya ɗago ba. Sai ya sa yatsa a kan shafi na huɗu.

"Wannan fa? In masu bincike suka ga kwanan watan..."

"Na sa hannu a shafi uku. Na huɗun naka ne. Ka cire ko ka bari, ai ka iya yanke saman takarda."

Ya sa ambulan a aljihun sabuwar rigar bai buɗe ba. Yana da sauran aiki a ƙasa: akwai rula kusan ɗari biyu a kabad da zai kai wa Sista, kuma takardar ƙa'idojinsa ba ta faɗi maganar ƙarfe goma da gado na biyu ba, wannan a kansa yake, sai ya nuna mata tagar da kansa. Ya kama hannun ƙofa.

"Za mu shirya maka taron ban kwana," in ji Dogo daga bayansa. "Babba. A ɗakin taro. Kowa zai zo, a yi jawabi, a yi hotuna..."

Sai shi ma ya ji abin da ya faɗa. Shekara ashirin da shida, duk wanda ya bar asibitin nan, daga shugaba har mai shara, mutum ɗaya ne ke tsayawa a gaba ya ce a matso, a yi murmushi. Ba ya cikin ko ɗaya daga hotunan.

"Wa zai ɗauka?" Dogo ya tambaya, kamar da kansa yake.

Mai Hoto ya waiwayo, ya nuna rahoton da haɓa.

"Shafi na biyu," ya ce. "Kowa zai iya."

Ya ja ƙofar a hankali, ya sauka neman Sista kafin ta tashi.